Daga Shelar Kasuwa zuwa Takardar Babban Banki

A zamanin En'e, da baki doka take isa ga talaka. Ranar kasuwa, idan ta cika ta batse, sai a ji ganga, mai shela ya tsaya inda jama'a suka fi yawa ya ɗaga murya: Sarki ya gaishe ku, ya ce daga yau kada wanda ya ƙara sa wa daji wuta, kada wanda ya yanka dabbar sayarwa in ba a mahauta ba, wanda zai yi kiɗa ko taro ya nemi izini. Shi ke nan, doka ta zauna. Washegari duba-gari zai yi sallama ya shigo har tsakar gida, ya ɗaga murfin randa ya leƙa, in ya ga ruwan ya yi tsutsa, maigida ya tsinci kansa a gaban alƙali. Ɗan doka na En'e ne, alƙalin na En'e ne, gidan yarin ma na En'e ne. Wa zai tsaya tambayar inda En'e ta samo ikon kafa wannan oda?

Alhali kuwa ikon yana da tushe a rubuce. Dokokin Turawan mulki, daga baya kuma Dokar En'e ta Jihar Arewa ta 1954, su ne suka jera abubuwan da kowace En'e za ta iya yi wa ƙa'ida, tun daga kasuwa da daji har zuwa tsabta da taron jama'a. Babbar doka ta buɗe ƙofa, En'e ta cike sauran da ƙananan dokokinta. Akwai mai sa ido, amma a sama yake: odar kan bi ta hannun Razdan, ta nemi amincewar gwamnati a Kaduna. Wanda odar za ta hau kansa ba shi da wakili a wannan hanya. 'Yan NEPU sun fi kowa sanin haka, domin da yawansu ba wata babbar dokar majalisa ce ta kai su kurkuku ba, ƙaramar oda ce ta yin lacca ba izini. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a wancan zamani.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, mutum na farko da ya tashi a zauren majalisa ya ce a binciki wannan iko ba ɗan tawaye ba ne. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, a watan Agusta na 1950, a Majalisar Arewa da ke Kaduna, ya kawo ƙudurin a sake duba tsarin En'e gaba ɗaya. Sarakuna da dama ba su ji daɗinsa ba, amma ƙudurin ya wuce, aka yi bincike, aka soke tsarin da Sarki shi kaɗai ne hukuma, aka ɗora masa majalisa. A ganina daga nan ya kamata a fara lissafin tarihin sa idon majalisa a Arewa.

Jamhuriya ta farko ta gaji wata al'ada daga Ingila: idan majalisa ta ba minista ikon tsara ƙa'idoji, a wasu dokokin takan sa masa sharaɗin ya dawo da abin da ya tsara ya ajiye a gabanta. Dokar ikon ta-ɓaci ta 1961 misali ce. Ta ba gwamnati dama mai faɗi ƙwarai, amma ta ce duk ƙa'idar da aka fitar a ƙarƙashinta za ta mutu bayan wata biyu in majalisun biyu ba su amince da ita ba. Da rikicin Jihar Yamma ya ɓarke, aka kafa dokar ta-ɓaci a ƙarshen Mayun 1962, aka naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma, da irin waɗannan ƙa'idoji aka taƙaita zirga-zirgar manyan 'yan siyasa, har da Cif Awolowo. Kada a ƙawata abin fiye da kima. Gwamnatin tana da rinjaye, samun amincewa bai yi mata wuya ba. Amma dai akwai ranar da dole minista ya miƙe a gaban 'yan adawa ya kare abin da ya rubuta, magatakarda kuma ya rubuta abin da kowa ya faɗa.

Sojoji suka zo a Janairun 1966 suka rufe majalisa, wannan al'ada ta tafi tare da ita. Daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kusan shekara 29 ke nan mai yin doka da mai aiwatar da ita mutum ɗaya ne.

Duk wanda ya yi wayo a 1984 yana tuna canjin kuɗin Buhari na farko. A ƙarshen Afrilu aka wayi gari an sauya launin takardun naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu, daga 25 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu, aka rufe iyakokin ƙasa don kada kuɗin da ke waje su dawo. Naira 5,000 ne iyakar abin da za a canza wa mutum kai tsaye, abin da ya haura sai da takardar rantsuwa. Bafulatanin da ke ruga bai ji labari ba sai da wa'adi ya ƙure. Fataken da ke hada-hada tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Kano da Damagaram, da yawa suka tashi da takardun da ba sa sayen komai. Iyakar kuma ba a buɗe ta ba sai a 1986, alhali tun a 1984 fari ya cinye amfanin gona, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wancan lokaci suna El-Buhari. Babu majalisar da za a kai wa kuka, kowa ya san da haka, saboda haka ba wanda ya ɓata bakinsa.

Wani gadon da sojoji suka bari ya fi wannan daɗewa, ko da yake ba ya ƙara. Yawancin hukumomin da talaka ke karo da su yau a lokacin aka haife su: hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988, NDLEA a 1989, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC a 1992, NAFDAC a 1993. Kowacce an kafa ta da dikiri, kuma irin waɗannan dikirori sukan zo da sashen da ke ba hukuma ikon tsara ƙa'idojinta, iyaka ta nemi sa hannun minista ko shugaban ƙasa. Wanda ya rubuta dikirin ba shi da dalilin cewa a kai wa majalisa, tunda babu ita. Da aka dawo mulkin farar hula, sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki waɗannan dikirori yadda suke ya mayar da su dokokin Majalisar Tarayya. Sanatoci 109 da wakilai 360 suka hau kujerunsu suka tarar an riga an raba musu alƙalami, kuma ba su nemi a dawo musu da shi ba. Abin da ya fi muni, da suka fara rubuta nasu dokokin sai suka ci gaba da bin wannan salo.

Ba wai ba da ikon ne laifi ba. Majalisa ba za ta zauna tana ƙayyade adadin sinadarin da ya halatta a burodi ko girman lambar mota ba, ba ta da lokacin, ba ta da ƙwarewar. Dole ta miƙa wa masana. Sai dai wanda ya aiki yaro kasuwa da kuɗinsa, in yaron ya dawo yakan duba cefanen kafin a zuba a tukunya. Tsarin Mulki ya ba majalisa ikon bincike da na kiran kowa ya bayyana a gabanta, a sashe na 88 da na 89, amma wannan makami ne na bayan aiki ya ɓaci. Babu wata doka guda ɗaya a Nijeriya da ta wajabta wa kowace hukuma ta ajiye ƙa'idar da ta tsara a gaban majalisa na wasu kwanaki kafin ta fara aiki.

In ana so a ga yadda wannan giɓi yake aiki, a bi tarihin naira. A Agustan 2007 Farfesa Charles Soludo, gwamnan Babban Banki, ya sanar da shirin cire sifiri biyu daga naira. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya dakatar da shi, bisa hujjar ba a nemi amincewarsa a rubuce ba. A 2012 wanda ya gaji Soludo, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya zo da takardar naira 5,000, wadda aka shirya za ta ɗauki hoton mata uku, cikinsu har da Gambo Sawaba. Majalisun biyu suka fitar da matsaya cewa a dakata. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Labaran Maku, ya fito ya ce matsayar majalisa shawara ce kawai, ba ta ɗaure gwamnati ba. Sanatoci suka fusata, suka kira shi, ya ba da haƙuri. To amma a shari'ance mutumin bai yi ƙarya ba. Takardar 5,000 ta mutu ne ranar da Shugaba Jonathan ya ga dama ya janye.

Sai babban gwaji. Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce, daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna, ga jabun kuɗi, ga masu garkuwa da mutane da ke karɓar fansa a buhu. Sababbin za su fito 15 ga Disamba, tsofaffin su daina aiki 31 ga Janairu. Bayan kwana biyu ministar kuɗi, Zainab Ahmed, ta faɗa wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa ba a shawarci ma'aikatarta ba. In minista mai kula da kuɗin ƙasa a kafafen labarai ta ji, ina ga ɗan majalisa? Ranar 6 ga Disamba wata takardar umarni ta biyo baya: mutum ba zai cire fiye da naira 100,000 a mako ba, kamfani 500,000. Takarda ce da wani darakta ya sa wa hannu, amma ta fi yawancin dokokin da majalisa ta yi a wannan zango taɓa rayuwar mutane. Da hayaniya ta yi yawa aka ɗaga zuwa 500,000 da miliyan 5.

Abin da ya biyo baya ba sai an tuna wa kowa ba, amma akwai abubuwan da bai kamata a manta ba. Mutane sun kai tsofaffin kuɗinsu banki kamar yadda aka umarce su, aka karɓa, aka ce sababbi ba su iso ba. Tun kafin kiran assalatu ake kama layi, wani ya ɗauko takarda ya fara rubuta lamba, ka samu ta ɗari da wani abu, ka wuni a rana, in Allah ya taimake ka a ba ka dubu biyu ko biyar, in bai sa ba mai gadi ya leƙo ya ce kuɗi sun ƙare. Masu POS suka zama 'yan canji, naira ake saye da naira, akwai inda sai ka bar dubu ɗaya ko fiye kafin a ba ka dubu biyar. A birni an lallaɓa da taransifa, ko da yake sau da yawa mai saye ya nuna an cire masa, mai sayarwa ya ce shi bai ga alat ba, a tsaya ana kallon waya ana rantse-rantse. A ƙauye ne abin ya yi tsanani. Mutum ya kora akuyarsa kasuwa, ba shi da asusu, wayarsa ƙarama ce, ƙaramar hukumarsa ma wataƙila babu reshen banki ko ɗaya. Dillali ya ce masa farashi biyu ne, na taransifa da na kuɗi hannu, na kuɗi hannun kuma ya faɗi warwas. Ya sayar a haka, don akwai mara lafiya a gida. Zuwa Fabrairu kuɗin da ke yawo a ƙasar gaba ɗaya sun koma ƙasa da tiriliyan ɗaya.

Ina majalisa? Tana nan, kuma ba a ce ta yi shiru ba. Dattawa sun nemi a ƙara wa'adi, daga baya majalisun biyu suka nemi a ƙara wata shida. Wakilai suka kafa kwamiti ƙarƙashin Alhassan Ado Doguwa, aka yi ta kiran gwamnan banki yana ƙin zuwa, har kakakin majalisa Femi Gbajabiamila ya yi barazanar sa a kamo shi. Ya zo ranar 31 ga Janairu, ya ba da haƙuri. Ƙarin kwana goman da aka samu, zuwa 10 ga Fabrairu, an sanar da shi ne bayan Emefiele ya gana da Shugaba Buhari a Daura. Wata shidan da majalisa ta nema kuwa, ko kallo bai ishe shi ba.

Dole a faɗi wani abu a nan. Talakawa da yawa ba su yarda kukan 'yan majalisa don Allah ba ne. Zaɓe na tafe ranar 25 ga Fabrairu, kuma zancen da ake yi a majalisun unguwa da teburin mai shayi shi ne an yi canjin ne don a ƙona kuɗin da 'yan siyasa suka jibge. Wasu ma suna cikin layin suna cewa gara a sha wahalar in dai za ta kama manya. Wannan zato, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ya raunana muryar majalisa a daidai lokacin da ake buƙatarta. Kuma akwai hikima a nisanta 'yan siyasa daga injin buga kuɗi, shi ya sa dokar Babban Banki ta 2007 ta ba shi 'yancin kansa. Ni ban ce a riƙa kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa kan launin naira ba.

Inda nake ganin majalisa ta yi sake shi ne tun a 2007, ranar da ta rubuta dokar. Sashe na 20(3) ya ce banki na iya janye takardun kuɗi in shugaban ƙasa ya umarta, bayan an ba jama'a sanarwa mai isasshen lokaci. Wata nawa ne isasshen lokaci? Dokar ba ta faɗa ba. Da an rubuta shekara ɗaya, ko an ce sai banki ya nuna wa majalisa yawan sababbin kuɗin da ya buga kafin ya kashe tsofaffi, da babu buƙatar barazanar kamu. Waɗanda suka rubuta sashen duk sun ga 1984 da idonsu.

A ƙarshe gwamnoni ne suka kai ƙara, Kaduna da Kogi da Zamfara a gaba, dukkansu na jam'iyyar shugaban ƙasa. Kotun Ƙoli ta ba da umarnin wucin gadi ranar 8 ga Fabrairu, shugaban ƙasa ya fito ranar 16 ga wata ya ce tsohuwar 200 kaɗai ya yarda ta ci gaba. Sai 3 ga Maris, an riga an yi zaɓen shugaban ƙasa, kotun ta yanke cewa ba a ba da isasshiyar sanarwa ba, tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Ko a nan sai da aka ƙara kwana goma kafin Babban Banki ya bi. Alƙalai ne suka cike gurbin da 'yan majalisa suka bari, kamar yadda wata babbar kotun tarayya ta yi a Mayun 2023, da ta ce hukumar NBC ba kotu ba ce da za ta ci gidajen rediyo da talabijin tara bisa kundin da ita ta rubuta wa kanta. Sai dai kotu ba ta motsi sai an kai ƙara, kuma kafin hukunci ya fito mai akuya ya daɗe da sayarwa.

Ba sai an je nesa neman wata hanya ba. Ghana, wadda muka yi Turawan mulki ɗaya da ita, ta sa abin a cikin Tsarin Mulkinta na 1992. Duk ƙa'idar da wata hukuma ta tsara bisa ikon da doka ta ba ta, sai an ajiye ta a gaban majalisa, a buga ta a jaridar gwamnati, ta yi kwana 21 na zaman majalisa kafin ta fara aiki, kuma kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya soke ta. Samun kashi biyu cikin uku ba wasa ba ne, a Ingila ma da aka kwaikwayo tsarin, rabon Majalisar Wakilai da soke irin wannan ƙa'ida tun 1979. Amfanin yana cikin jinkirin da kuma fitowa fili. A 2024 aka kai wa majalisar Ghana wata ƙa'idar hanya da za ta ba ministoci da 'yan majalisa damar sa jiniya a motocinsu. Saboda takardar tana ajiye inda kowa zai gani, 'yan jarida suka gani, gari ya ɗauka, gwamnati ta janye ta tun ba ta fara aiki ba. Abin dariya, a wannan karon 'yan majalisar ne aka kama suna shirin cin moriya, tsarin ya kare jama'a daga gare su.

A nan gida, majalisa ta tara ta kammala zangonta a Yunin 2023 ba ta taɓa sashe na 20(3) ba. Wadda ta gaje ta kuwa, a farkon 2024 ta gyara dokar laifukan intanet, ta tabbatar da harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan hada-hadar kuɗi ta waya da intanet. Ranar 6 ga Mayu Babban Banki ya aika wa bankuna takardar fara cirewa, wato naira 500 a kan kowace 100,000. Jama'a suka yi ca. Cikin kwana uku Majalisar Wakilai ta fitar da matsaya tana neman banki ya janye takardar, alhali harajin a cikin dokar da ita ta amince da ita 'yan watanni kafin nan yake. Fadar shugaban ƙasa ce ta sanar da dakatarwa, sannan banki ya janye takardarsa.